Ranar da Tano Ya Ce Kudu

A tsibirinmu na Lampedusa ba a lissafa ƙaryar kifi cikin zunubi. Shi kansa fadan cocinmu ya roƙi jama'a su daina kawo masa ita wurin neman gafara, don in ya ce zai saurara sai ya wuni bai ci abinci ba. Masunci zai hango kifi a gabas, ya ɗauki oba-oba, rediyon jirgi, ya yi wa abokinsa albishir cewa yamma ta cika maƙil. Abokin ya yi godiya, ya juya jirginsa ya nufi gabas. Haka muka taso muka tarar, kuma ba wanda ya kwana da yunwa saboda haka. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. In aka ce mutum a ruwa, to mutum ne a ruwa, ko da maƙiyinka ne ya faɗa sai ka saki abin da ke hannunka ka tafi.

A cikin maƙaryatan nan babu na biyun Tano. Tun yana saurayi aikinsa shi ne hawa can ƙololuwar sandar jirgi ya hango inda teku ta yi duhu da kifi, ya nuna wa mutanensa da hannu, sannan ya sauko ya ɓatar da sauran jirage da baki. Ya yi shekara arba'in yana wannan, har ranar da gwiwoyinsa suka ce sun gaji da hawa. Sai ya dawo gida ya addabi matarsa Nunzia. Shi ne koya mata yankan tumatir, shi ne leƙa tukunya ya ce gishirin ruwan taliya ya yi yawa, matar da ta ciyar da shi tun kansa na da gashi.

Da abin ya ishe ta sai ta tare Ilaria, 'yar ƙanwar Tano, a bakin shagon burodi.

"Ki ɗauke min kawunki," in ji ta, "kafin in dafa shi."

Ilaria matuƙiyar jirgin sama ce a can babbar ƙasa, ƙetaren teku. Duk lokacin hutunta takan dawo gida ta tuƙa wani ƙaramin jirgi na ƙungiyar 'yan sa kai, wanda ke fita neman mutanen da suka taso daga gaɓar Afirka teku ta rutsa da su. Jirgin kujera huɗu gare shi, ba ya sauka a ruwa, ba ya ɗaukar kowa. Idanu ne kawai a sama: ya gani, ya kira wanda zai iya zuwa. Idanu kuwa Tano yana da su, sai aka ba shi tagar dama ta baya.

A fitarsa ta biyu ya kwafsa. Suna cikin tafiya ya daki bayan kujerar Ilaria yana cewa ta sauka, ta sauka, ga su can. Ta yi ƙasa da jirgin, suka tarar da garken kifin tuna suna tsalle abinsu. Henrike, doguwar Bajamushiyar da ke jagorantar fita kuma take riƙe da oba-oba, ba ta ga abin dariya ba. Ta juyo ta ce masa da guntun Italiyancinta, "Baba Tano, mai na jirgi ba na kifi ba ne." Da ta kama shi yana miƙa hannu zai ɗauki oba-oba don ya tsokani masunta da labarin, sai ta kafa doka: tagar tasa ce, oba-oba kuwa ko da ɗan yatsa kada ya taɓa.

Kafin su sauka labari ya riga su shagon gahawa. Calogero, ƙanin Nunzia, mai shuɗin jirgin su da ake kira Gaetana, shi ya raɗa masa suna Mai Ceton Kifi, sunan kuwa ya bi shi har ƙofar coci. Abin ya yi wa Tano ciwo fiye da yadda ya nuna, don ya fara son tagar nan kamar ransa.

Ranar da nake ba ku labari wata safiya ce ta watan Yuni, rana fes, iska na ɗan kaɗawa daga yamma. Tano bai sha gahawa ba, don jirgin ba shi da makewayi kuma sau ɗaya ya taɓa yin wannan kuskuren. Nunzia ta ƙunsa masa burodi da tumatir da man zaitun, ta tura shi waje tana cewa ya dawo a makare in da hali.

A filin jirgi Henrike ta faɗa musu abin da ake nema. Da asuba wani ya kira daga cikin jirgin roba yana cewa ruwa na shiga, kafin ya faɗi inda suke wayar ta mutu. Suka tashi, suka yi kudu, Ilaria ta shiga kai da kawo a kan teku layi bayan layi kamar mai huɗar gona. Wanda bai taɓa yi ba yana tsammanin aikin jarumta ne. Aikin gajiya ne. Ido ya yi ta kallon shuɗi har ya fara ƙirƙiro abin da babu, kumfar igiyar ruwa ta zama jirgi, leda ta zama mutum. Tano ya hango garken kifi mai kyau a yammacin tsibiri tun suna fita, ya cije leɓe bai ce uffan ba.

Rana ta take tsaka sannan Henrike ta ɗaga hannu. Ita ta fara gani, ta tagar hagu, wani ɗigo mai launin toka. Ilaria ta karkata jirgin, ɗigon ya dawo ɓangaren Tano, ya ɗora madubin hangen nesa.

Jirgin roba ne, cike da mutane har ba a ganin ƙasansa. Gefe ɗaya ya sace, ya lanƙwashe cikin ruwa, mutanen sun turu a ɗaya gefen. Injin ba ya motsi. A tsakiya wani mutum ya durƙusa da rabin jarka mai ruwan ɗorawa yana kwasar ruwa yana watsarwa, yana kwasa yana watsarwa, bai ko ɗaga kai ya kalli sama ba. Wata mata tana kaɗa jan ɗankwali.

"Ba zai kai la'asar ba," in ji Tano. Wannan karon ba wanda ya yi masa musu.

Henrike ta kira masu gadin teku. Suka amsa nan take, amma jiragensu suna can nesa suna kwashe mutanen wani jirgin, kafin su iso sai yamma. Ilaria ta ɗan haura sama don a ga ko akwai wani a kusa, sai ga shuɗin jirgin su a arewa da wurin, yana tafe a hankali. Ko a mafarki Tano ya san wannan jirgin.

Henrike ta kira shi a tashar gaggawa da Turanci, ta sake da Italiyancinta. Shiru.

"Ba zai ji ki ba," in ji Tano. "Calogero ne. Ya rage muryar wannan tashar tun bara, wai Turanci na sa masa ciwon kai. Yana can tashar gulma ta masunta."

Henrike ta kalle shi, ta kalli jirgin roba, ta miƙa masa oba-oba.

To a nan ne Tano ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Ya san mako guda ke nan Calogero na fita yana dawowa da ƙanƙarar adana kifi zalla, ba kifi. Ya san in ya ɗauki mutanen nan yinin ya tafi, wataƙila gobe ma ta tafi wurin amsa tambayoyin hukuma. Ya sha jin masunta a shagon gahawa suna ƙorafin sun gaji, jirage sun yi yawa, su ba ma'aikatan ceto ba ne. Sai zuciyarsa ta raya masa cewa zamani ya canza, mai yunwa ya fi saurin gudu in ya ji kifi. In ya so, in ya iso ya ga mutane da idonsa, ai ba zai juya ba. Dabara ce ta mai wayo, kuma wayo ne ya yi masa yawa.

Ya murɗa zuwa tashar gulma.

"Calogero, kai mai kan kwakwa, kana raye?"

"Wa nake ji kamar Mai Ceton Kifi?" Muryar ta fito tana dariya. "Yaya sama, Yaya? Yau ba ka yi amai ba?"

"Bar surutu. Kifi ne a kudunka, teku ta yi baƙi ƙirin, ban taɓa ganin irinsa ba. Taka injin."

"Kudu ka ce?"

"Kudu."

"Allah ya bar zumunci, Yaya. Ka gaida min Nunzia."

Tano ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa. Ya leƙa taga ya ga hayaƙi ya tashi daga Gaetana, farar kumfa ta fito a bayanta, ta lanƙwasa, ta miƙe. Arewa. Ba ita kaɗai ba ma. Can gefe wasu jirage biyu da suka yi laƙwas suna satar ji, su ma suka tada hayaƙi suka bi bayanta, kowa na rige-rigen nisanta da mutanen da ke nutsewa.

"Ina za shi?" in ji Henrike. "Baba Tano, ina za shi?"

Ilaria, wadda ta ji komai da yaren gida, ba ta juyo ba. "Kawu," ta ce, "me ka yi ke nan?"

 Tano ya danna oba-oba. "Kudu na ce maka, kurma! Kudu!"

"Na ji, na ji," in ji Calogero. "Ci gaba da rantsuwa, kana yi kifin na ƙara ƙiba."

Kan Tano ya ɗau zafi. Ya ce arewa ne yanzu? Calogero zai ce ya tuba ne ya faɗi gaskiya, ya ƙara wuta. Ya ce gabas, su yi yamma. Duk hanyar da ya bi a cikin kansa sai ya tarar da ƙaryarsa ta shekara arba'in zaune tana jiransa. Ya sake ɗora madubi. Mai jarkar ya tsaya, ya dafa gwiwa yana haki, ruwa ya kai masa cinya. Ya ɗan huta, ya sunkuya ya ci gaba.

"Kawu," in ji Ilaria a hankali, "faɗa masa kawai."

 Kunya ta kama Tano tun kafin ya buɗe baki, don sai yanzu ya ga abin da ya ɗauki ƙanin matarsa.

"Calogero. Mutum a ruwa."

Tashar gulma, wadda ba ta taɓa yin shiru ba tun da aka ƙirƙiro ta, ta yi tsit.

"Sake faɗa."

"Mutum a ruwa. Jirgin roba, gefe ɗaya ya sace, sun fi arba'in, da mata da yara. Kudunka ne, inda za ka ga muna zagaye. Babu kifi, Calogero. Ƙarya na yi."

Ba a amsa ba. Amma daga sama ana ganin amsa kafin a ji ta. Gaetana ta kwanta gefe ɗaya kamar za ta kife, farar kumfar ta zana rabin da'ira, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Sauran biyun suka juyo a bayanta. Don murna Tano ya daki bayan kujerar Ilaria.

Sai da jirgin ya miƙe sosai sannan bakin Calogero ya buɗe, kuma bai rufe ba har ya iso. Ya zagi Tano, ya zagi gwiwoyinsa, ya zagi ranar da aka ɗaura masa aure da yayarsa, a tsakani yana ba yaransa umarni su fito da igiyoyi da rigunan ruwa da duk ruwan shan da ke jirgin. Masu sauran jiragen suka taya shi. Henrike ba ta gane rabin abin da ake faɗa ba, amma ta ga Ilaria na dariya har kafaɗunta na rawa, ita ma ta saki fuska.

Ilaria ta ci gaba da zagaye a kan jirgin robar don masunta su san inda za su dosa. Ta kaɗa fukafukan jirgin sau biyu, mutanen ƙasa suka ɗaga hannuwa, Henrike na ta addu'ar kada murna ta sa su miƙe tsaye. Mai na raguwa. Ilaria ta kalli ma'auni ta ce zagaye kaɗan ya rage mata, ta yi su, ta ƙara ɗaya. A na ƙarshen Tano ya ga Gaetana ta rage gudu ta ɓullo ta ɓangaren iska don ta kare su daga igiyar ruwa, ya ga rigunan ruwa na tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa cikin hannuwa. Mai jarkar bai daina kwasa ba. Daga nan jirgin sama ya juya gida, taga ta koma shuɗi zalla.

Wannan shi ne ɓangaren aikin da Tano ya fi tsana: kai ka gani, amma ba kai za ka ga ƙarshe ba. Burodin Nunzia na kan cinyarsa har suka sauka bai taɓa shi ba.

Ko da Ilaria ta kai shi bakin tashar jiragen ruwa, Nunzia ta riga su, ita da matan unguwa, da butocin shayi da barguna da takalman da yara suka girme wa. Ya manta cewa babu kicin a garin nan da ba a kunna tashar gulma.

"Duk gari ya ji ka," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba tana jera kofuna. "Sau ɗaya a rayuwarka ka nuna hanyar gaskiya, shi ma sai da ka naɗe ta da ƙarya. Riƙe min butar nan."

Da la'asar sakaliya Gaetana ta shigo, sauran biyun na biye, mutane zaune a kan tarun da bai ga kifi ba. Tun daga nesa Calogero ya ɗaga hannu biyu sama ya girgiza, alamar da duk ɗan tsibirin ya sani: ba a bar kowa ba. Matan suka ɗau tafi, wata tsohuwa ta durƙusa a kan siminti tana gode wa Allah, Henrike mai dokoki ta rungume Ilaria tana kuka kamar yarinya. Tano kuwa dariya ce ta kama shi, ya rasa dalilinta, shayi na zuba a takalminsa.

Aka fara sauko da su, yara tukuna, sai mata, ma'aikatan lafiya na karɓa. Mai jan ɗankwali ta sauko da ƙafarta. Can wajen ƙarshe wani dogon mutum ya taka ƙasa yana layi, rabin jarka har yanzu a hannunsa, kamar yatsun sun manta yadda ake saki. Ya tambayi wani abu, yana nuna sama. Aka nuna masa Ilaria da Henrike, aka nuna masa Tano. Ya zo ya tsaya a gaban tsohon, tafin hannunsa duk ya saluɓe. Babu yaren da suka haɗa. Tano ya kwaikwayi kwasar ruwa da hannu, ya nuna idonsa, ya nuna mutumin, wato na gan ka. Mutumin ya yi murmushi da busassun leɓɓa, ya buɗe yatsunsa da ƙyar, ya miƙa masa jarkar. Tana nan a tagar kicin ɗin Nunzia, ta shuka ɗoɗɗoya a ciki.

Calogero ne ya sauko a ƙarshe, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya tako har gaban Tano, jama'a suka matso don a ga dambe. Amma bai ɗaga murya ba.

"Shekara arba'in kana min ƙarya, Yaya, ban taɓa jin haushi ba ko sau ɗaya. Yau ka zage ni. Ni za ka sa wa ƙugiya da tsutsa kafin in je wurin mutum a ruwa?"



"Na yi laifi," in ji Tano. "Ka yafe min."

 Calogero ya cafko wuyansa ya manna kansa da jiƙaƙƙiyar rigar, ya sake shi, ya ce wa jama'a su shaida, yau Tano ya faɗi gaskiya har sau biyu, a kira fada ya buga ƙararrawa.

Da yamma suka ci taliya da miyar tumatir a gidan Nunzia, tunda kifi dai babu. Ana cikin hayaniya Calogero ya matso da kujerarsa, ya rage murya yadda masunta ke yi.

"To kai da kake yawo a sama, tsakani da Allah, ba ka ga komai ba yau?"

"Na gani," in ji Tano. "Yammacin tsibiri, bayan dutsen fitila. Garke ne mai kyau."

"Yamma ka ce?"

"Yamma."

Calogero ya tauna burodi yana kallonsa ta wutsiyar ido, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Nunzia ta ce in sun gama raɗa su kwashe kwanuka.

Washegari da safe jirgin ya sake tashi. Henrike ta ajiye oba-oba a tsakiya, inda hannun kowa zai kai. Da suka haura saman tasha Tano ya leƙa ƙasa, kamar yadda yake yi kullum, ya ga jiragen su na fita, kowanne na jan farin layinsa. Biyun jiya, da raɗar daren ta kai kunnensu, sun yi gabas, kamar yadda hankali ya ce a yi da maganar Tano. Shuɗin jirgi ɗaya ne ya zagaye bakin tasha ya miƙe yamma shi kaɗai, ba ya ko waiwaye.

"Kawu," in ji Ilaria, "da gaske akwai kifin?"

"Akwai," in ji shi.

 Ya ciro hankici ya goge madubin hangen nesa, ya ga ba madubin ne ya yi hazo ba, ya goge idonsa. Sannan ya gyara zama a tagarsa, jirgin ya karkata kudu.